Fara, sababi da ikon Allah: yadda aka bayyana annobar farar ɗango a Adar, daga ƙarni na 17 zuwa shekarar 2005

1. Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin yunwa a ƙasar Adar yakan ci karo da jimla guda wadda ake maimaitawa, a bakin dattawa da kuma cikin rahotannin hukuma: fara ta zo, hatsi ya ƙare, mutane suka watse. Jimlar tana jera abubuwa uku kamar kowannensu shi ya haifi na bayansa. Manufar wannan maƙala ita ce mu warware wannan jeri, mu duba abin da ake nufi da "sababi" a kowace gaɓa tasa. Za mu bi tambayoyi uku. Ta fari, wane irin bayani mutanen Adar suka gada game da bala'in da ke faɗa wa gona? Ta biyu, me ilimin halittu na ƙarni na 20 ya gano game da yadda fara mai zaman kaɗaici ke rikiɗa ta zama cincirindo? Ta uku, idan aka ajiye waɗannan bayanai gefe da gefe, wane rabo ya rage wa ɗan Adam a cikin aukuwar yunwa?

Akwai wata matsala ta rubutu da ya kamata mu kawar tun yanzu. A boko, jam'in fara da kalmar da ke nufin ɗaukewar ruwan sama duka ana rubuta su "fari", domin ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti. Saboda haka za mu yi amfani da "fara" ga ƙwaron, ko ɗaya ce ko da yawa, mu ce "ƙamfar ruwa" ga ɗaya ma'anar.

2. Adar da maƙwabciyarta ta arewa

Adar ƙasa ce ta tudun duwatsu da kwaruruka, irin na Keita da Badagishiri da Maggiya, inda noman hatsi da dawa ya dogara ga damina ta wata uku. A birnin Tawa ruwan shekara yana kai-kawo wajen milimita 350 zuwa 400, yana kuma raguwa idan aka nausa arewa, wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara da Tiliya. Dokar 1961 da ta shata iyakar arewa ta noma ta raba jihar gida biyu a kan takarda: kudu ta manoma, arewa ta makiyaya. A can arewa, cikin Azawak da Tamesna, farar ɗango ke hayayyafa lokacin damina. Watau ƙwaron da ke cinye gonar Ba'adare yakan ƙyanƙyashe ne a inda ba gona, nesa da idon manomi. Abin da manomi ke gani shi ne ƙarshen al'amarin: girgije mai ƙyalli da ya ɓullo da rana tsaka ya sauka a kan zangarniya.

Ta fuskar mulki, Djibo Hamani (1975) ya nuna yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Adar a 1674, da yadda zuriyarsa ta kafa sarauta wadda daga baya ta zauna Illela. Sarautar ta tarar da Azna masu ƙasa, ta kuma zo da nata malamai. Tun daga lokacin, hanyoyi biyu na bayyana bala'i suka zauna a ƙasa guda, sau da yawa ma a gida guda.

3. Gado da tauhidi

Hanya ta farko ita ce ta Azna. Kamar yadda binciken Nicole Echard (1975, 1989) ya nuna, kowane dangi yana da gadonsa: sana'a, da wurin tsafi, da iskokin da kakanni suka ƙulla alkawari da su. Albarkar gona da lafiyar gari suna rataye ga cika wannan alkawari. Idan masifa ta auku, tambayar da ake yi ita ce wa ya saɓa, kuma da me za a gyara. Wannan bayani yana da nasa tsari na sababi, amma sababin na dangantaka ne, irin wadda ke tsakanin mai bashi da wanda ake bi. A kudancin jihar, a Masalata kusa da Birnin Ƙwanni, arwar shekara-shekara da ke hasashen yadda damina za ta kasance ta tsaya a kan irin wannan tunani.

Hanya ta biyu ita ce ta malaman tauhidi. Littafin da ya fi yaɗuwa a wannan fanni a Afirka ta Yamma shi ne ƙaramar aƙidar Muhammadu ɗan Yusufu al-Sanusi na Tilimsan (ya rasu a 1490), wadda aka fi sani da Ummul Barahina. Ƙididdigar da Bruce Hall da Charles Stewart suka yi wa ɗakunan littattafan yankin (2011) ta sanya aƙidun Sanusi cikin ginshiƙan karatun zaure. A cikin ƙarni na 17 Muhammadu al-Wali na Bagarmi ya yi wa littafin sharhi da Larabci bisa bayanan da ake yi da Fillanci. Abin da ya shafe mu a koyarwar Sanusi shi ne rabon da ya yi wa hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ganin abu biyu suna zuwa tare a kai a kai, kamar wuta da ƙuna, ko ci da ƙoshi, ba tare da ɗaya ya yi tasiri a kan ɗayan ba, kuma yana yiwuwa wata rana su rabu. Mai halitta ƙunar a lokacin da wuta ta taɓa auduga shi ne Allah. Wannan misali na wuta da auduga tsoho ne. Gazali (ya rasu a 1111) ya kafa hujja da shi a kan masana falsafa, Ibn Rushdi (ya rasu a 1198) kuma ya mayar masa da martani cewa wanda ya soke sabubba ya soke ilimi.

Masu sharhin Sanusi sun kasa mutane kashi huɗu dangane da wannan batu. Akwai mai cewa sababi yana aiki da ɗabi'arsa. Wannan sun kafirta shi. Akwai mai cewa yana aiki da wani ƙarfi da Allah ya ajiye a cikinsa. Wannan sun kira shi ɗan bidi'a. Akwai mai cewa Allah ne mai aikatawa amma haɗin sababi da sakamakonsa ba ya taɓa warwarewa. Wannan sun ce jahili ne, ana jiye masa tsoron musun mu'ujiza. Na huɗu shi ne mai cewa Allah ne mai aikatawa, haɗin kuwa al'ada ce da Ya gudanar. Wannan shi ne mai tsira. A wani ɗan littafinsa, Muƙaddimat, Sanusi ya lissafa jingina tasiri ga sabubban al'ada cikin nau'o'in shirka.

Da wannan ma'auni, ina matsayin manomin da ya ce fara ta cinye masa gona? Tambayar ba ta wasa ba ce a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da wasu ɗaliban ilimin kalami suka riƙa kafirta talakawan da ba su iya kawo hujjojin tauhidi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana ƙaryata su. Ya kuma saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilla ɗan Umaru, wanda tarihinsa ke haɗe da Agadas da Adar, kan kafirta Musulmi saboda saɓo. Amma Shehun bai sassauta wa mai yanka ga itace ko dutse ba. Iyakar da aka ja ke nan: faɗin "fara ta ci" magana ce ta yau da kullum, irin wadda malaman balaga ke kira majazi idan ta fito daga bakin mumini, yanka ga iskoki don a kore ta kuwa aƙida ce. Wannan iyaka ta ratsa tsakiyar ƙauyukan Adar, musamman bayan jihadin Muhammadu Jelani a farkon ƙarni na 19.

Ya kamata a lura cewa koyarwar al'ada ba ta hana aiki ba. Malaman da ke karantar da ita su ne ke kawo hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali, da labarin komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham saboda annoba. Muhammadu Bello (ya rasu a 1837) ya wallafa littattafai kan magani. Fiƙihun Malikiyya ma ya sa wa fara nata sharaɗi: a mashhurin mazhaba ba a cin wadda aka tsinta matacciya, sai wadda aka kashe ta wata hanya da niyya, kamar jefa ta cikin tafasasshen ruwa, wanda shi ne abin da mata ke yi da farar da suka kamo da asuba tun sanyi bai sake ta ba. Alƙur'ani ya ambaci fara cikin ayoyin da aka aika wa mutanen Fir'auna (A'arafi, 133), saboda haka ana iya karanta zuwanta a matsayin gargaɗi; wannan bai hana a haƙa rami a tura ɗango a ciki a binne ba.

4. Daga kaɗaici zuwa cincirindo

Har farkon ƙarni na 20, masana ƙwari na Turai ba su fi manomin Adar sanin inda cincirindon fara ke shiga ba idan annoba ta wuce. A 1921 Boris Uvarov ya nuna cewa wasu fara biyu da aka ɗauka jinsi daban-daban ne, saboda bambancin launi da siffa da hali, jinsi guda ne mai kama biyu. Daga baya aka tabbatar da haka ga farar ɗango (Schistocerca gregaria). A halin kaɗaici ɗanta kore ne, tana gudun ƴan uwanta, tana tashi da dare. A halin cincirindo ɗanta baƙi ne da rawaya, babbar kuma ja-ja ce kafin ta balaga ta koma rawaya, tana neman ƴan uwanta, tana tashi da rana.

Yadda rikiɗar ke aukuwa ya fito fili a hankali. Idan ruwa ya sauka sosai a hamada, fara takan zuba ƙwai cikin damshin rairayi, ya ƙyanƙyashe cikin kimanin mako biyu, kuma kowane zubi na iya ninka na bayansa har sau 20. Sa'an nan ciyawa ta soma bushewa, sai tsirarun wurare masu kore suka rage, irin fadamun alwat na Tamesna da Ayar. Yunwa ta tilasta wa masu gudun juna su taru a wuri guda. Stephen Simpson da abokan aikinsa a Oxford sun nuna a 2001 cewa yawan taɓa cinyar ƙafar baya shi ne babban abin da ke sauya halin ƙwaron, kuma sa'o'i kaɗan sun isa. A 2009 Michael Anstey da abokansa suka gano cewa ƙaruwar sinadarin sirotonin a jijiyoyin ƙirji ita ke biye da wannan taɓi. A 2006 kuma gwajin Jerome Buhl da abokansa ya nuna cewa idan yawan ɗango a fili ya haura wani haddi, tafiyarsu ta barkatai takan koma tafiya ta fuska guda, ba tare da jagora ba. Bisa alƙaluman hukumar FAO, cincirindo mai faɗin murabba'in kilomita guda yana ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye, kowace tana cin kimanin giram 2 a yini, kuma yana iya yin tafiyar kilomita 150 a rana.

5. Ɓullowar sifa da tasirin taro

Abin da ke sama misali ne na abin da ake kira émergence da Faransanci, wanda muke ba da shawarar a fassara shi da "ɓullowar sifa": sifar da ake samu ga taro amma ba a samunta ga ɗaiɗaikun da suka haɗa shi. G. H. Lewes ne ya fara amfani da kalmar da wannan ma'ana a 1875, C. Lloyd Morgan (1923) da C. D. Broad (1925) suka faɗaɗa ta. A 1974 Donald Campbell ya ƙara da cewa taron yana iya juyowa ya yi tasiri a kan ɓangarorinsa. Fara ta dace da wannan siffantawa ƙwarai: ɗaiɗaiku ne ke haɗa cunkoso, cunkoson ke sauya jikin kowace ɗaya, sauyin ke sa su ƙara neman juna, cunkoson ya ƙaru. Har launi da siffar ƴaƴan da za a haifa suna bin halin da uwa ta zauna a ciki.

Jaegwon Kim ya kawo suka mai ƙarfi a kan irin wannan magana. Idan kowane motsi na kowace fara yana da cikakken bayani a jijiya da sinadari, wane aiki ya rage wa "taro"? A ganinmu amsar da misalin fara ke bayarwa mai sauƙi ce. Taro ba wani ƙarfi ba ne da ya zo daga waje ya ƙaru a kan sinadarai. Shi ne sharaɗin da ke ƙayyade sau nawa za a taɓa ƙafar. Fara dubu a warwatse cikin fili mai yalwar ciyawa da fara dubu a kan ƴan kurmin alwat jikinsu ɗaya ne, makomarsu daban. Mai son ya hango annoba dole ya auna yadda ciyawa ta rarrabu, ba sirotonin kaɗai ba. A kan haka aka gina dabarar rigakafi: ƙungiyar OCLALAV da aka kafa a 1965, da hukumar CLCPRO ta FAO da ta soma aiki a 2002, da Cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa (CNLA) da Nijar ta kafa a 2007, duka an kafa su ne don a tarar da fara a Tamesna da Ayar kafin ta kai haddi.

Wasu masana tauhidin Kirista, musamman Arthur Peacocke (1990), sun ɗauki tasirin taro a kan ɓangare a matsayin misali na yadda Allah ke aiki a duniya ba tare da keta dokokinta ba. A nan ne kwatanci da Sanusi ke da amfani. Ga mai bin Sanusi, matakan duka biyu, na jijiya da na cincirindo, al'ada ce. Babu wanda ya fi wani tasiri na haƙiƙa, domin babu mai tasiri a cikinsu. Gano sabon mataki ƙarin sani ne game da yadda aka gudanar da al'ada, ba ya rage komai daga ikon Allah, ba ya kuma buɗe masa wata ƙofa da a da take rufe. Bugu da ƙari, sifar saɓa wa fararru tana hana a ɗauki Mahalicci a matsayin matakin ƙoli na tsarin halitta. Saboda haka muna ganin kuskure ne a fassara muhawarar Turai kai tsaye a ɗora wa malaman zaure. Tambayar Kim ita ce wane mataki na halitta ke aiki. Tambayar Sanusi ita ce ko halitta tana aiki sam. Mai binciken tarihi yana iya amsa ta farko da hujjoji. Ta biyu ta aƙida ce, aikinsa shi ne ya nuna wa ya riƙe ta, a wane zamani, kuma me ta sa shi ya yi.

6. Daga cincirindo zuwa yunwa: 1931 da 2005

Saura gaɓa ta ƙarshe ta jimlar da muka fara da ita. Manyan annobar farar ɗango na ƙarnin da ya wuce sun auku a 1926 zuwa 1934, 1940 zuwa 1948, 1949 zuwa 1963, 1967 zuwa 1969, da 1986 zuwa 1989. Manyan yunwoyin Nijar kuwa sun faɗo a 1913 zuwa 1914 (Kakalaba), 1931, 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985. Jerin biyu ba su hau kan juna ba. Yunwar 1973 da ta 1984 sun zo lokacin da fara ta lafa, domin ƙamfar ruwan da ke kashe hatsi ita ma tana hana fara hayayyafa.

Inda suka haɗu shi ne 1931, wadda ta fi tsanani a yammacin ƙasar, Zabarmawa kuma suka raɗa mata sunan shekarar fara. Finn Fuglestad (1974) da Boureima Alpha Gado (1993) sun nuna cewa bayan fara ta ɓata amfanin 1930, mulkin mallaka ya ci gaba da karɓar lanho da ɗibar mutane aikin dole, ya kuma yi jinkirin yarda cewa akwai yunwa. Sunan da aka ba shekarar ya riƙe ƙwaron, ya saki kwamanda.

Misali na kusa shi ne na 2004 da 2005. Ruwa mai yawa na daminar 2003 ya sa fara ta taru a Muritaniya da Mali da Nijar da Sudan a watan Oktoba. Cincirindon ya haura Magrib, ya hayayyafa, ya komo Sahel a daminar 2004, ya faɗa wa arewacin jihar Tawa da Tilaberi da sauran yankunan noma da kiwo, a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. An ƙiyasta giɓin cimaka da kimanin tan 223,000, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatar ƙasa ba. Giɓin abincin dabbobi ya fi haka muni nesa. Amma a tsakiyar 2005 buhun hatsi mai kilo 100 ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, yayin da kuɗin bisashe ya faɗi. Makiyayin Abalak ya sayar da tumaki da yawa don buhu guda. Hatsi ya bi farashi zuwa Nijeriya, maƙwabta sun taƙaita fitar da nasu, hukuma ta daɗe tana fifita sayarwa da rahusa a kan rabon kyauta, kuma a farkon shekarar an ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan wasu kayan masarufi, abin da ya jawo zanga-zangar yaƙi da tsadar rayuwa. Ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a 2005, mafi yawansu a jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, wadda fara ba ta yi wa ɓarna irin ta arewa ba. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya (2007) da binciken cibiyar LASDEL ƙarƙashin Jean-Pierre Olivier de Sardan (2008) sun bi diddigin wannan, suka kuma nuna rawar da kuɗin ƴan cin rani ya taka wajen ceton gidaje. Wannan batu ya shafi Adar musamman, ƙasar da mazanta suka daɗe da sanin hanyar Abijan.

Tun 1981 Amartya Sen ya nuna cewa yunwa takan auku idan mutum ya rasa hanyar mallakar abinci, ko da abincin yana kasuwa. Idan muka yi amfani da kalmarmu, yunwa ita ma sifa ce mai ɓullowa. Ba ɗan kasuwa guda ko ma'aikaci guda da ya ƙudura ta, amma ta fito daga haɗuwar farashi da bashi da haraji da jinkiri. Bambancinta da cincirindon fara shi ne ɓangarorinta masu hankali ne, ana iya tambayarsu.

7. Kammalawa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Mun ga cewa a Adar an amsa tambayar "me ya tsamar da shi" ta hanyoyi uku: saɓa alkawarin gado, gudanar da al'ada daga Mahalicci, da cunkoson da ke sauya jikin ƙwaro. Mun kuma ga cewa ta biyu da ta uku ba sa cin karo, domin ba tambaya guda suke amsawa ba. Haɗarin yana wani wuri. Kalmar "ikon Allah" da kalmar "bala'i daga yanayi" duka ana iya amfani da su a rufe bincike a daidai inda ya kamata a buɗe shi, watau tsakanin lalacewar gona da mutuwar yaro. Tauhidin Ash'ariyya da kansa bai yarda da wannan rufewa ba, tun da ya tabbatar wa bawa kasbi, ya kuma ɗora masa hisabi a kan abin da ya aikata da abin da ya bari.

Daga nan muna ba da shawarar aiki biyu. Na farko, a tattara sunayen shekaru kamar yadda ake faɗinsu a Tawa da Keita da Buza da Abalak, da Hausa da Tamajak da Fillanci, a duba wane sababi kowane suna ya riƙe, wane kuma ya bari. Na biyu, a karanta bayanan gefe da malaman Adar suka rubuta a kwafe-kwafensu na Ummul Barahina, a ga waɗanne kalmomin Hausa suka zaɓa wa sababi da tasiri da al'ada. Da waɗannan kalmomi ne za a iya koyar da falsafar ilimin halittu da Hausa ba tare da an aro komai da komai daga Faransanci ba.